Damina Nawa Gare Ka? Nijar a Gasar Ƙwallon Ƙafa ta Matasa

Ranar Asabar, 7 ga watan Oktoba na shekarar 2017, ana gab da la'asar, na samu kaina a wani gidan kallo cikin birnin Tawa, a tsakiyar ɗalibaina da ƴan kabu-kabu da wasu dattawa biyu-uku da ba su saba shiga irin wannan wuri ba. Abin da ya tara mu shi ne wasan farko da Nijar ta taɓa bugawa a wata gasar cin kofin duniya ta hukumar FIFA. Can birnin Koci na ƙasar Indiya dare ya riga ya yi, yaranmu ƴan ƙasa da shekara 17 suna karawa da takwarorinsu na Koriya ta Arewa. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci Salim Abdourahmane ya jefa ƙwallo a raga, kuma a haka aka tashi, ɗaya da nema. Kwana uku ke nan da harin Tongo Tongo, ƙasa tana cikin juyayi, saboda haka ihun da aka yi a ranar ya fi ƙarfin murnar wasa kawai.

Da hayaniya ta lafa, wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya taɓa ni ya ce: «Malam, kai da ka san boko, wai da gaske duk waɗannan ba wanda ya wuce sha bakwai?» Na ce da shi: «Baba, takardunsu haka suka ce, kuma likitoci sun duba ƙashinsu.» Ya yi murmushi, ya ce: «Ni ma takardata ta ce ranar ɗaya ga Janairu aka haife ni, alhali tsohuwata ta ce ana cikin yankan hatsi na zo duniya.» Wannan ƴar magana ita ce mafarin wannan rubutu, domin a ganina duk wanda ya bi diddigin shigar Nijar gasar ƙwallon matasa zai tarar cewa rabin labarin a filin wasa ya faru, rabi kuma a ofishin da ake rubuta haihuwa.

Gasar matasa tsakanin ƙasashe ba tsohon abu ba ne. A shekarar 1977 FIFA ta shirya ta farko a Tunisiya, wadda a yau ake kira ta ƴan ƙasa da shekara 20. A 1985 aka ƙara ta ƙanana a ƙasar Sin, ta ƴan ƙasa da 16, kuma maƙwabciyarmu Najeriya ce ta ɗauke kofin bayan ta doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema. Daga 1991 aka mayar da iyaka shekara 17. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta fara tata gasar ƴan ƙasa da 17 a Mali cikin 1995, kuma ta nan ne ƙasashen nahiyar ke samun gurbin zuwa ta duniya. Afirka ta yi fice a wannan mataki fiye da kowane: Gana ta ci kofin duniya a 1991 da 1995, Najeriya kuwa sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Amma tun farko nasarar tana tafe da zargi. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu, ta kuma karɓe mata izinin karɓar baƙuncin gasar matasa ta 1991, saboda ranakun haihuwar wasu ƴan wasanta da aka gabatar a wasannin Olamfik na 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a gasannin baya.

Gaba ɗaya ginin wannan gasa a kan rana guda yake tsaye. A ta 2017, alal misali, sai wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 2000 zuwa sama. Wanda ya riga wannan rana da kwana ɗaya, ko da ya fi kowa ƙanƙanta a jiki, ba shi da wuri. Ƙa'ida ce mai sauƙi ga ƙasar da ake rubuta kowane jariri kafin uwarsa ta bar gidan haihuwa. To mu fa?

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen Adar ba su san lissafin shekaru ba. Sun sani, sai dai ma'auninsu daban ne. Bahaushe yana riƙe ranar mako da aka haifi ɗansa riƙo mai ƙarfi, har ya liƙa masa ita a suna: Ɗanjuma, Ɗanladi, Talatu, Laraba, Asabe. Yana riƙe lokacin shekara: Anaruwa, Nomau, Citumu, Azumi, Sallau. Ranar suna, kwana bakwai bayan haihuwa, gari duka yakan shaida. Abin da ba ya riƙewa shi ne lambar shekarar, domin ba ta da wani aiki a rayuwarsa. In ana son a san tsufan mutum sai a tambayi damina nawa ya gani, ko a jingina haihuwarsa da wani babban al'amari. Kakanninmu sun yi lissafi da yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917. Iyayenmu sun yi da farin 1973 da 1974, shekarar da Seyni Kountché ya karɓi mulki. Mu kuma da muke yara a lokacin mun tashi muna jin ana cewa wane «ɗan El-Buhari ne», wato an haife shi cikin yunwar 1984, lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, hatsi ya daina shigowa ta Konni. Wannan lissafi yana iya kuskuren shekara guda ko biyu, amma ba ya ƙarya, domin gari duka ne shaidarsa.

Haka ma kalmar yaro da saurayi. A ƙauyukan Keita da Tamaske da Kalfu da Barmu, sa'arka shi ne wanda aka yi muku shayi tare, kuka fara azumi tare, kuka ɗauki kalme a gandu shekara ɗaya. Mutum saurayi ne har ya yi aure ya zama magidanci. Da Kountché ya farfaɗo da samariya ya mayar da ita ginshiƙin tafiyar da jama'a, babu wanda ya tambayi sarkin samari takardar haihuwa. Da yawansu ma furfura ta riga ta fito musu. A fagen kokowa kuwa, wadda ita ce wasanmu na gado, ido ne alƙali. A dandalin ƙauye bayan kaka, manya su dubi ƙirjin yaro da damtsensa su ce wannan ya isa ya kama wancan, ko kuwa a'a, a bari sai baɗi. A nan Tawa aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa karo na farko cikin 1975, wadda daga baya aka san ta da Takobi, Yacouba Ango Kantou na Maraɗi ya zama sarki, kuma ba a raba ƴan kokowar bisa nauyi ba. Al'ummar da ta saba auna mutum da abin da jikinsa ke iyawa, ita ce aka kawo wa wasan da ke auna shi da lambar da ke kan takarda.

Takardar kuwa baƙuwa ce, kuma ba ta shigo da fuskar alheri ba. Da Faransawa suka kafa bariki a Tawa a farkon ƙarni na 20, ƙidayar mutane da ƙiyasta shekarunsu abubuwa uku take nufi: lanho, aikin tilas, da ɗibar soja. Daga baya aka ƙara na huɗu, ɗibar yara zuwa makarantar boko. Duk uban da ke da wayo a wancan zamani ya koyi cewa shekarun ɗansa abin ɓoyewa ne, a rage su in kumandan yana neman majiya ƙarfi, a ƙara su in yana neman ƴan makaranta. Tsofaffin malamanmu suna ba da labarin yadda ake ɗaukar ɗalibi: a sa yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya kamo kunnen ɗaya gefen, in ya kamo ya isa, in bai kamo ba ya koma gida. Sai magatakarda ya dube shi ya rubuta kalmomi biyu na Faransanci da duk ɗan Nijar mai shekaru ya sani, né vers, wato «an haife shi wajen» shekara kaza. Da zamani ya zo da fasfo da kwamfuta, waɗanda ba su karɓar «wajen», sai aka ba duk masu irin wannan takarda rana guda, 1 ga Janairu. Ba talakawa kaɗai ba: tarihin rayuwar shugabannin ƙasa biyu na jere, Mahamadou Issoufou ɗan Dandaji ta nan jihar Tawa, da Mohamed Bazoum, duka 1 ga Janairu yake nunawa, ɗaya 1952, ɗaya 1960. Abin lura shi ne ranar da muka ɗauka don cike gurbin abin da ba mu rubuta ba, ita ce ranar da FIFA ta ɗauka ta zama iyaka tsakanin wanda ya cancanta da wanda bai cancanta ba.

Bayan samun ƴancin kai an yi dokoki, a 1985, a 2007, sannan a 2019, wadda ta ba iyaye kwana 60 su kai sanarwar haihuwa. Amma binciken lafiya da yawan jama'a na 2006 ya nuna kashi 32 cikin ɗari ne kawai na yara ƴan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista. A na 2012 adadin ya kai kashi 64. Ke nan yaran da suka isa buga gasar 2009, 2015 da 2017, waɗanda aka haifa tsakanin 1992 da 2002, sun zo duniya a lokacin da mafi yawan haihuwa ba ta shiga littafi. A Adar akwai ƙarin dalili. Ƙasar cin rani ce: da an gama girbi maza sun kama hanyar Abijan, Legas, Kamaru ko Libiya. Mace ta haihu a ɗaki hannun ungozoma, mai gida yana Kwaddebuwa, ofishin magajin gari yana da nisa bisa hanyar duwatsu, wa zai je? Sai yaro ya kai shekarun jarrabawa a tuna ba shi da takarda. A nan ne ake zuwa gaban alƙali da shaidu biyu, a karɓi hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa, wanda ake kira jugement supplétif. Shekarar da shaidu suka faɗa ita ake rubutawa.

A nan ya kamata mu malamai mu sunkuyar da kai kaɗan kafin mu nuna shugabannin ƙwallo da yatsa. Wa ya koya wa iyaye cewa ana yanke shekaru? Na taɓa riƙe ajin ƙarshe na kwaleji a wani gari na arewacin Adar, ina cike takardun jarrabawar BEPC, na tarar da wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ba tagwaye ba, takardunsu sun ba su wata uku tsakani. Babban an sa shi makaranta a makare domin shi ke kiwon awakin gidan. Da aka ga shekarunsa za su hana shi wucewa, wani malami mai tausayi ya ba uban shawara, aka koma gaban alƙali, aka sake haihuwarsa a takarda. Ban tona ba, kuma in an sake maimaitawa ba na jin zan tona, domin yaron yana da ƙoƙari, kuma ba shi ya zaɓi kiwon awaki ba. Amma tun ranar na daina mamaki in na ji an ce ɗan ƙwallo yana da shekaru iri biyu. Wanda ya shiga filin wasa da takardar da aka gyara, sau da yawa a ƙofar makaranta aka fara gyara masa ita, da kyakkyawar niyya.

Da wannan gado Nijar ta je Aljeriya a watan Maris na 2009, gasar Afirka ta ƴan ƙasa da 17. Yaran sun taka rawar gani, sun sami wucewa zuwa wasan kusa da na ƙarshe, abin da ke nufin gurbi a gasar duniya. Kuma ba a ko'ina za a yi gasar duniyar ba sai a Najeriya, daga 24 ga Oktoba zuwa 15 ga Nuwamba, Kano da Kaduna da Bauci suna cikin biranen da za su karɓi wasanni. Duk wanda ya san abin da Kano take a zuciyar ɗan Adar ya san irin mafarkin da aka yi: tafiyar yini guda ce a mota, kuma babu unguwar da ba mu da ɗan'uwa a cikinta. Sai ga ƙorafi ya shiga gaban CAF cewa Nijar ta sa wanda ya wuce shekaru. Hukumar ta bincika, ta kori Nijar daga gasar, ta ba Malawi wurinta. Gambiya ta ɗauki kofin Afirka, Malawi ta tafi Najeriya, mu kuwa muka kalli gasar a talabijin har Suwizalan ta doke mai masaukin baƙi da ci ɗaya a Abuja. An sha cewa makirci ne aka ƙulla mana. Ni dai ban ga makirci ba. Takardunmu ne suka saɓa wa juna, wasu suka karanta su da kyau fiye da yadda muka karanta.

A wannan gasa ta 2009 ne FIFA ta shigo da shaidar da ba ta karɓar rantsuwa, wato hoton ƙashi da na'urar maganaɗisu, wadda likitocinmu ke kira IRM. Yadda abin yake shi ne, a wuyan hannun yaro mai tasowa akwai wani siririn guringuntsi a ƙarshen ƙashin, ta nan ne ƙashi ke ƙara tsawo. Yayin da girma ke ƙarewa guringuntsin yana daskarewa har ya haɗe da ƙashi. Likitoci sun kasa wannan haɗewa mataki shida. Wanda ya kai na shida, ƙashinsa ya rufe sarai, ana ɗaukarsa ya wuce 17, kuma FIFA ta ce tabbacin hakan ya kai kashi 99 cikin ɗari. Tun kafin a fara gasar Najeriya kanta ta sallami ƴan wasa 15 bayan gwajin. Na'urar dai ba ta faɗin ranar haihuwa. Abin da take faɗi kawai shi ne ko ƙashi ya rufe ko bai rufe ba, kuma likitoci da dama sun yi gargaɗin cewa jiki ba ya tafiya da agogo ɗaya: akwai yaron da ke rufewa da wuri a zalunce shi, akwai wanda ƙarancin abinci ya jinkirta girmansa ya wuce alhali ya haura. Duk da haka ta sauya lissafi. Kafin ita, mai horarwa yana iya cewa takarda ta wanke shi. Bayan ita, dole ya fara neman yara na gaske.

Shekara shida bayan abin kunyar Aljeriya, Nijar ta karɓi baƙuncin wannan gasa da kanta, a Yamai, daga 15 ga Fabrairu zuwa 1 ga Maris 2015. Lokaci ne mai wuya. Wata guda kafin nan an yi tarzoma a Damagaram da Yamai, ranar 6 ga Fabrairu Boko Haram ta kai hari Boso da Difa, cutar Ebola kuma tana ci a Gini, har Maroko ta ƙi karɓar gasar manya a ranakun da aka tsara saboda tsoronta. Nijar ba ta janye ba, kuma ƴan Gini sun zo sun buga. Ƙasashe takwas suka hallara a filin Seyni Kountché da filin birni. Yaranmu sun sha kashi hannun Najeriya 2 da nema a wasan buɗewa, ba su fita daga rukuni ba. Mali ta ɗauki kofin bayan ta doke Afirka ta Kudu 2 da nema. Waɗanda suka je kallo daga nan sun ga wani siririn yaro ɗan Legas mai suna Victor Osimhen, wanda a ƙarshen shekarar ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta Cile, kuma a 2023 ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Ta fuskar sakamako ba mu sami komai ba, amma an gama gasar ba a kira sunanmu a gaban kwamitin ladabtarwa ba, kuma a ganina wannan ne ya share fagen abin da ya biyo baya.

Abin da ya biyo bayan kuwa sai ka ce tatsuniya. A watan Agusta 2016, a wasannin neman gurbi, ƙuri'a ta haɗa Nijar da Najeriya, mai riƙe da kofin duniya sau biyu a jere. Ana saura kwanaki a buga wasan farko aka kai ƴan wasan Najeriya gwajin ƙashi, 26 suka faɗi, mai horarwa Manu Garba ya shiga haɗa wata ƙungiya cikin gaggawa. A Abuja sun ci mu ɗaya da nema. A Yamai yaran Tiémogo Soumaïla suka rama da ci 3 da 1, suka fitar da zakarun duniya. Ƙa'idar shekaru da ta kore mu a 2009 ita ce ta buɗe mana ƙofa a 2016. A Gabon, cikin watan Mayu 2017, Nijar ta yi kunnen doki da Angola, Mali ta doke ta, sannan ta ci Tanzaniya ɗaya da nema a wasan da ya raba gardama. Gana ta fitar da ita a kusa da na ƙarshe da bugun fenareti, ta ƙare ta huɗu, amma gurbin Indiya ya riga ya shiga hannu. Can kuwa, bayan nasarar da muka kalla a gidan kallon nan, Sifen ta yi mana 4 da nema, Barazil 2 da nema, duk da haka muka wuce zagaye na biyu cikin waɗanda suka fi kyau a matsayi na uku, inda Gana ta sake tare mu da ci 2 da nema. Wasanni huɗu, ƙwallo ɗaya tak a raga. Wani zai raina. Ni ina ganin ƙwallo ɗaya da ba wanda ya shigar da ƙara a kanta ta fi gurbin da aka ƙwace a Aljeriya.

Rigimar shekaru ba ta ƙare ba, sai dai ta koma kan wasu. A Satumba 2018, a Yamai, aka kori Benin daga wasannin share fage na yankinmu bayan ƴan wasanta 10 sun faɗi gwajin. Da suka koma gida kotun Kwatano ta yanke musu hukuncin ɗauri tare da tsohon shugaban hukumar ƙwallon ƙasar. Na daɗe ina juya wannan hukunci a raina, domin ban san yaron da ya taɓa buga wa kansa hatimin gwamnati ba. Gini, wadda ta zo ta biyu a gasar 2019, an soke sakamakonta aka ba Senegal gurbinta. A ƙarshen 2022 ƴan wasa 21 cikin 30 na Kamaru suka faɗi gwajin da Samuel Eto'o ya tsaya a yi. A tsakanin nan Nijar ta sake karɓar baƙi, wannan karo ƴan ƙasa da 20, daga 2 zuwa 17 ga Fabrairu 2019, kuma a karon farko gasar ta fita daga babban birni ta zo Maraɗi, cikin ƙasar Hausa. Mali ce ta sake ɗaukar kofin, da fenareti a kan Senegal.

Tawa ba ta taɓa karɓar ko wasa ɗaya na irin waɗannan gasanni ba, ko da yake bikin Tawa Sakola na 18 ga Disamba 2017, wata biyu bayan dawowar yaran daga Indiya, ya gyara mata filin wasa da tituna. Amma fili ba shi ne babban abin da ya raba ɗan Adar da rigar ƙasa ba. Ku dubi yaron da ke buga ƙwallon tsumma a gefen fadamar Keita, mai shekara 14 na gaskiya. In aka zo zaɓe aka jera shi da mai shekara 19 da takarda ta ce 15, ba zai ci ko karo ɗaya ba. Za a ce ba shi da ƙarfi, ya koma gida, baɗi ya bi yayyensa Abijan tura baro. Wanda aka ɗauka a madadinsa zai haskaka shekara biyu ya dushe, domin ya riga ya kai iyakar girmansa tun ranar da aka ce yaro ne. Ƙasa ta yi hasarar mutum biyu ke nan. In kuwa aka yi sa'a mai zaɓen yana da gaskiya, ya ɗauki na Keitan, sai a tambaye shi takarda, ya miƙo hukuncin alƙali da aka yi bara mai ɗauke da 1 ga Janairu, wanda duk wani jami'i a Alƙahira ko Zurik zai kalla da ido ɗaya. Gaskiyarsa ba ta da shaida in ban da tsohuwarsa da liman da ya raɗa masa suna.

Daga 2025 FIFA ta mayar da gasar ƴan ƙasa da 17 ta kowace shekara, a Ƙatar, da ƙasashe 48, goma daga cikinsu na Afirka. A karon farko na wannan sabon tsari babu Nijar, babu Najeriya. Yaran da za su isa buga ta nan da shekara goma yanzu suna ajin farko na firamare, wasu a hannun waɗanda ke karanta wannan mujalla. A ƙarshen shekarar karatu da ta wuce na halarci zaman da alƙali ke fitowa ƙauye don ba yara takardu, a wani gari arewa da Tawa. An shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bagaruwa, iyaye mata sun yi layi da ƴaƴansu, magatakarda yana tambaya yana rubutawa. Wata mata da aka tambaya shekarar haihuwar ɗanta ta ce ita ba ta san lamba ba, amma ranar Laraba ce, saura kwana uku a yi babbar salla, shekarar da mijinta ya dawo daga Libiya a guje saboda yaƙin Gaddafi. Magatakarda ya ɗaga alƙalami zai rubuta abin da ya saba. Daraktan makarantar ya ce ya dakata, ya ciro wayarsa ya buɗe kalandar 2011, muka sunkuya mu uku muna ƙirga kwanaki baya daga ranar layya.